Motar da Kewa ta Haifa

A watan Fabrairun 1989, a wajen bajekolin motoci na birnin Shikago, kamfanin Mazda na Japan ya yaye mayafi daga kan wata 'yar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda nauyinta bai cika tan ɗaya ba. Samari sun ga sabon abu. Dattawan da suka ci zamaninsu a shekarun 1960 kuwa kallon sani suka yi mata, irin wanda ake yi wa yaron da ba a taɓa gani ba amma aka gane gidansu tun daga goshinsa. Bakin nan mai siffar ƙwai a ƙasan bamba, fitilun nan da ke ɗago kai su buɗe ido in dare ya yi, kwanciyar nan da ta yi dab da ƙasa kamar kyanwa ta ga ɓera, duk sun san inda aka samo su. Kamannin Lotus Elan ne, wata motar Ingila da aka daina ƙerawa tun farkon shekarun 1970.

Shekara goma kafin wannan rana, wani ɗan jaridar Amurka mai rubutu a kan motoci, Bob Hall, ya ziyarci hedikwatar Mazda a Hiroshima. Kenichi Yamamoto, wanda ke riƙe da sashen bincike da ƙira a lokacin, ya tambaye shi irin motar da yake ganin ya kamata kamfanin ya yi. Hall ya tashi ne a gidan da uba ba ya rabo da ƙananan motocin Ingila, yau wannan, gobe waccan. Bai yi dogon tunani ba. Ya ce a yi ƙaramar buɗaɗɗiyar mota mai araha, inji a gaba, tayoyin baya na turawa, irin wadda Turawan Ingila suka ƙware a kai kuma suke gab da dainawa. Ya ɗauki alli ya zana ta a jikin allo.

A sana'ar zanen mota aro ba abin kunya ba ne. An aro daga jirgin sama, an aro daga filin tsere, an aro daga kifi. Shi Hall daga ƙuruciyarsa ya aro, ita kuwa ƙuruciya in an tuno ta, tsince tsakuwa ake yi a bar shinkafa.

Motocin da ya yi kewa bashi ne ya kai su Amurka. Birtaniya ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu tana neman dala ruwa a jallo, gwamnati kuma ta riƙa raba wa masana'antu ƙarfe gwargwadon kayan da suke fitarwa ƙetare. Wanda ba ya sayar wa waje ba shi da rabo. A 1945 kamfanin MG da ke garin Abingdon, kusa da Oxford, ya fito da TC, wadda a gaskiya tsohuwar ƙira ce ta kafin yaƙi aka ɗan faɗaɗa. Marufin tayoyinta a ware suke kamar fukafukai, fitilunta na tsaye su kaɗai, ƙafafunta na waya ne irin na keke, sitiyarinta kuma a dama yake ko da Amurka za a kai ta. Kimanin dubu 10 kawai aka yi. Amma sojojin Amurka da suka zauna a Ingila sun ɗanɗana irinta, kuma a ƙasar da motoci suke kamar ɗaki da falo, wannan 'yar mitsitsiya mai shan kwana kamar zomo ta shiga ran mutane.

Yaƙin nan bai bar bashi kaɗai ba, ya bar jiragen sama a kawunan masu zane. Gab da Amurka ta shiga yaƙin, an kai masu zanen General Motors, yaran Harley Earl, wani sansanin sojan sama a jihar Michigan, suka ga jirgin yaƙi samfurin P-38 mai jela biyu. Abin ya zauna musu. Da aka koma ƙera motocin farar hula, sai ga Cadillac ta 1948 da 'yan fukafukai a gindinta. Daga nan aka shiga gasa, kowace shekara fiffike na ƙara tsawo, har ya kai maƙura a Cadillac ta 1959, mai fitilun baya kamar harsashi. Fukafukan ba su hana mota tangaɗi ba, ba su ƙara mata gudu ba, ado ne zalla. Duk da haka yayin ya tsallaka teku. Marsandi ta 1959 ta yi nata daidai misali, kuma duk wanda ya tuna Fijo 404 ta 1960 zai tuna tsinin nan biyu na bayanta. Earl ɗin dai shi ne ya ga yadda Jaguar da MG ke ɗaukar hankali a tseren Watkins Glen, ya matsa a yi wa Amurka tata. A 1953 aka fito da Corvette, guda 300 kacal, dukansu farare da jan ciki.

A Coventry kuwa akwai wani mutum da ya aro daga jirgi ta wata fuska daban. Malcolm Sayer ya yi shekarun yaƙi yana aiki a kamfanin jiragen sama na Bristol, ya ɗan zauna a Bagadaza, sannan ya shiga Jaguar a farkon shekarun 1950. Ba ya son a kira shi mai ƙawata mota. Lanƙwasar jikin mota lissafa ta yake yi, lamba bayan lamba a dogayen takardu, tun kafin kwamfuta ta shigo sana'ar. In an gama, sai a liƙa guntayen zaren ulu a jikin motar, a tuƙa ta a filin gwaji, shi kuma yana biye a wata motar yana kallon inda zaren ya kwanta da inda yake rawa. Inda ya yi rawa, nan iska ke gardama. Ta haka aka sami C-Type, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1951 da 1953, da D-Type, wadda ta cinye 1955 da 1956 da 1957 a jere. D-Type ma tana da fiffike, guda ɗaya a bayan kan direba, amma nata na aiki ne: shi ke hana ta wutsil-wutsil a kan doguwar miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne.

'Yar autar wannan zuri'a ita ce E-Type. A Maris 1961 za a nuna ta a Geneva, sai aka makara. Jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, Bob Berry, ya kwana yana tuƙi daga Coventry, ya isa ana sauran 'yan mintoci a fara. 'Yan jarida suka yi dafifi, kowa na so a zaga da shi, har mai kamfanin, William Lyons, ya aika a kawo ta biyu. Direban gwaji Norman Dewis shi ma ya bi dare ya kawo buɗaɗɗiyar. Doguwar bonet ce ta fara tsaida mutane, ta kusa cinye rabin motar, kuma in za a duba inji gaba ɗayan gaban ne ke ɗagawa ya kife gaba. Sai gudu, mil 150 a awa, wato kimanin kilomita 240, ko da yake motocin da aka ba 'yan jarida an ɗan yi musu gata a inji, na masu saye ba kasafai suke kaiwa can ba. Sai kuɗi, fam dubu 2 da ɗoriya kaɗan, wajen rabin kuɗin Aston Martin. A 1996 gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya saka ɗaya cikin taskarsa. Sayer bai ga wannan ba, ya rasu a 1970.

Tsakanin mai ado da mai lissafi, Italiya ce ta zama tela. A Turin da Milan akwai gidajen maƙera da ba sa yin inji, jiki kawai suke ɗinkawa. A kawo musu ƙashin mota, su doki farantin alminiyom da guduma a kan katako har ya ɗauki siffa, shi ya sa a wasu tsofaffin Ferrari in an auna gefen dama da na hagu sai a tarar ba su zo daidai ba. Duk fanal bitan da ya taɓa miƙe ƙofar da tirela ta goga ya san wannan aiki, bambancin kawai su daga farko suke farawa. A 1947 gidan Pinin Farina ya yi Cisitalia 202, inda bonet da marufin taya da ƙofa suka narke suka zama jiki ɗaya, ba gaɓa-gaɓa irin na MG TC ba. Bayan shekara 4 aka baje ta a New York cikin motoci 8 da aka zaɓa a matsayin aikin fasaha. Ingila ta riƙa kai yadinta can. Giovanni Michelotti ne ya zana wa Triumph motocinta TR4 da Spitfire, gidan Touring ya yi wa Aston Martin DB4, Pininfarina kuma ya ɗora wa MGB rufin ƙarfe a 1965.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidan Bahaushe. Aldo Brovarone, ma'aikacin Pininfarina da ke da hannu a zanen Dino, ƙaramar motar gidan Ferrari, shi ne ya zana Fijo 504 ta 1968. Motar da aka harhaɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Fijo a 1975, wadda ta yi wa gwamnati hidima, ta yi wa 'yan kasuwa, sannan ta tsufa a tasha tana lodin Kano zuwa Zariya, daga teburin da aka zana motocin attajiran Turai ta fito. A dubi karyewar nan ta but ɗinta, da fitilun gaba masu kama da idon da aka ja wa kwalli. Tana da 'yan uwa biyu masu ƙofa biyu, ɗaya rufaffiya ɗaya buɗaɗɗiya, da aka nuna a Geneva a 1969, waɗanda Pininfarina da kansa yake haɗa jikinsu. Rufaffiyar mai silinda 6 ta ci tseren Safari na Kenya a 1978.

Kamfanin Fijo ɗin nan ma shi ne ya canza wa shahararriyar motar Jamus suna. Porsche ta nuna sabuwar motarta a 1963 da lamba 901, Fijo ta ce lamba uku mai sifiri a tsakiya tata ce. Aka cire sifiri aka sa ɗaya, ta zama 911.

Wannan duk labarin masu kallo ne. Wanda ya taɓa ajiye irin waɗannan motoci a ƙofar gidansa, in ya buɗe baki ba da layin jiki yake farawa ba, da safiyar hunturu yake farawa. A ɗauki mai MGB, wadda aka fara ƙerawa a 1962. Ya zura jiki ya zauna, ƙafafu a miƙe kamar mai zama a tabarma. Ya murɗa makulli rabi, ya kasa kunne. Daga baya, wajen tayar dama, famfon fetur zai fara ƙas-ƙas-ƙas da sauri, sannan ya lafa. In shiru ya ji, sai ya fito ya durƙusa ya ƙwanƙwasa famfon da gindin sifana har ya farka. Ya dawo ya ja cok, kuma da yake cok ɗin tsohuwar mota ba ya tsayawa inda aka bar shi, da yawa suna ajiye maƙalin shanya don su datse shi. Injin ya yi tari, ya kama. Ranar Asabar kuma ranar kafireta ce. Guda biyu ne, samfurin SU, kowanne da 'yar rijiya a kansa da ake ɗiga wa mai. Dole su ja iska daidai wa daida, kuma ma'aunin talaka shi ne guntun tiyo: baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireta, a saurari hucin wannan, a saurari na wancan, a juya noti har muryoyin su zama ɗaya. Batir kuwa biyu ne masu bolt 6, an ɓoye su a ƙarƙashin wani faranti a bayan kujeru, inda ba mai tunawa da su sai ranar da suka bushe.

Rufin na farko-farko ba a jawo shi, gina shi ake yi. A fito da sandunan ƙarfe daga but, a soka su a gurbinsu, a shimfiɗa tamfol, a bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama an jiƙe, ko kuma ruwan ya ɗauke. Ƙasan gareji kullum da tabon baƙin mai, har masu motar suka mai da abin barkwanci, wai in ba ka ga mai a ƙasa ba to babu shi a cikin injin. Kayan lantarki na kamfanin Lucas na Birmingham ne, wanda direbobi suka laƙaba wa suna Yariman Duhu, suna cewa makunnin fitilarsa matsayi uku gare shi: dishi-dishi, ƙyaf-ƙyaf, da ɗif. An ɗan zalunci Lucas a nan. Yawancin laifin na mahaɗar waya ne da danshi ya ci, da aikin hannun masu motar da suka yi ta ɗaure-ɗaure shekara da shekaru. Amma wanda fitila ta mutu masa a daji da tsakar dare ba ya neman adalci, sunan da ya gani a jikin makunni shi yake tsinewa.

Kowace da irin nata hali. Austin-Healey 3000 tana gasa ƙafar direba da zafin inji, salansarta kuma ta yi ƙasa har tana gaisawa da kowane tudu. E-Type ta farko ba ta son cunkoso, lagireto ya tafasa, giyar farko kuma ba ta shiga sai mota ta tsaya cik, in ba haka ba a ji kamar ana niƙa tsakuwa, sai a 1964 aka sauya akwatin giyar. Lotus Elan, wadda Ron Hickman ya zana wa Colin Chapman a 1962, nauyinta bai kai kilo 700 ba, kuma har yau ana misali da daɗin sitiyarinta. Amma zuƙar iskar inji ce ke riƙe fitilunta a buɗe, don haka a samfurin farko in direba ya take totur a hawan tudu da dare, sai fitilun su fara lumshewa kamar mai gyangyaɗi. Babban maƙiyi kuwa tsatsa ne. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin dusar ƙanƙara yana cin dokin ƙofar motar daga ciki, fenti na sheƙi a waje. Mai wayo in zai sayi tsohuwa yakan tafi da mayen ƙarfe a aljihu. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, ciko ne.

To me ake so a cikin wannan wahala? Masu motar sukan ce gudu, amma ba gudun ba ne sosai. MGB ƙarfin doki 95 gare ta, wanda ƙaramar motar kai yara makaranta ta yau ta fi. Sai dai mutum yana zaune taƙi kaɗan daga kwalta, iska na dukan kunne, ƙamshin mai da fata na hanci, duk abin da taya ta taka yana isowa tafin hannu. Kilomita 80 a haka ta fi 160 a cikin rufaffen ɗaki mai sanyi. Sannan mota ce da mutum zai iya sani ciki da bai. John Haynes, wani hafsan sojan saman Birtaniya, yana zaune a Aden ya taya abokinsa wargaza wata Austin-Healey Sprite, yana ɗaukar hoton kowane mataki. A 1966 hotunan suka zama littafi, littafin ya haifi wasu littattafan, kuma da wuya a shiga garejin mai tsohuwar mota a Ingila ba a ga ɗaya da shatin yatsun baƙin mai ba. Wanda ya kwance inji da hannunsa ya mayar ya ji ya tashi, ba ya ƙara kallon motar a matsayin kaya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne motocin nan ba sa yafiya. Ba matashin wuya, ba jakar iska, ba abin da zai kare kai in ta kife. Masu ba da labari mai daɗi su ne waɗanda suka tsira.

Wannan ne ya jawo doka. A 1965 lauya Ralph Nader ya fitar da littafinsa na sukar masana'antar motoci a kan sakaci da rayuka, a 1966 majalisar Amurka ta yi dokar kiyaye haɗurra, ƙa'idojin hayaƙi suka biyo baya. Tunda Amurka ce babbar kasuwa, abin da aka yanke a Washington shi ke sake fasalin mota a Coventry. E-Type ta fara zubar da kayan adonta ɗaya bayan ɗaya. Aka cire gilashin da ya lulluɓe fitilunta, idon ya fito tsirara. Aka sauya makunnai masu tsini da masu faɗi. Aka yanke kunnuwan notin tsakiyar taya da ake bugawa da guduma. A motocin Amurka kafireta uku suka koma biyu, ƙarfi ya ragu. Don a maido da shi, a 1971 aka cusa mata inji mai silinda 12, ta ƙara tsawo ta ƙara ƙiba, ta zama hajiya. A 1974 aka rufe babinta, bayan an ƙera fiye da dubu 72.

MGB ta fi shan wulaƙanci. Doka ta ce bamba ta iya jure karo a gudun mil 5 a awa ba tare da fitila ta fashe ba, ta kuma ƙayyade tsayinta daga ƙasa. Kamfanin British Leyland, wanda ya haɗiye MG da Triumph da Jaguar, yana fama da yajin aiki da karayar arziki, ba shi da kuɗin sake zane. A ƙarshen 1974 sai aka cire siririyar bambar azurfa aka manna wani baƙin leɓen roba gaba da baya, aka kuma ɗaga motar gaba ɗaya da inci ɗaya ko fiye. Motar da aka sani da riƙe hanya ta koma tana rangaji a kwana. A Amurka aka bar mata kafireta ɗaya, ƙarfinta ya faɗo zuwa doki 60 da 'yan kai. A Satumban 1979 garin Abingdon ya yi bikin cikar MG shekara 50 a cikinsa, da fareti da kaɗe-kaɗe. Ko gajiyar biki ba a warware ba aka sanar za a rufe masana'antar. A Oktoban 1980 ta ƙarshe ta fito, bayan an yi sama da rabin miliyan. Spitfire ma a shekarar ta tafi.

Masoya sukan ɗora wa doka laifin duka, amma dokar nan ita ce ta hau kan Porsche. Su sai suka zauna suka zana wa 911 bamba mai launin jikinta da 'yar roba mai naɗewa a gefe, har wasu na ganin ta ƙara kyau. Wanda ke da kuɗin zane ya tsallake, wanda babu ya manna roba.

Kuma tun kafin robar, kan mage ya riga ya waye. A Oktoban 1969 Nissan ta fito da Datsun 240Z, bisa nacin wakilinta a Amurka, Yutaka Katayama, da zanen Yoshihiko Matsuo da abokan aikinsa. Dogon hanci, gajeren baya mai gangara, inji mai silinda 6 a jere, ba sai an faɗa wa kowa wadda ta kalla ba. Hatta kafiretanta irin na SU ne, Hitachi ke yi. Kuɗinta dala 3,526, kusan kuɗin MGB mai rufi, ga ƙarfin doki 151, ga tashi kowace safiya ba tare da an durƙusa mata ba. Ta ci Safari a 1971 da 1973, a hanyoyin da ke karya motoci. Mutanen da ke rantsuwa da daɗin ƙwanƙwasa famfo suka bi layi suna rubuta suna a jira. Ita ma tsatsa ta ci ta ba kaɗan ba, kuma rufinta na ƙarfe ne. Gurbin buɗaɗɗiya mai araha ya zauna kusan babu kowa a ciki.

Cikin wannan gurbi zanen allon Hall ya faɗa. A 1981 ya bar jarida ya kama aiki da ofishin Mazda na Kalifoniya. A 1984 aka yi gasa a cikin gida: masu zanen Tokyo suka kawo mai jan gaba da mai inji a tsakiya, su Tom Matano da Mark Jordan na Kalifoniya suka kawo tsohon tsari, kuma tsohon ne ya ci. Wani abin dariya, samfurin gwaji na farko a Ingila aka haɗa shi, a wani kamfanin injiniyoyi da ke Worthing. A 1985 aka fita da shi titunan Santa Barbara ba tambari, mutane suka riƙa bin sa suna tambayar inda ake sayarwa. Injiniya Toshihiko Hirai da ya karɓi aikin ya ba yaransa kalma ɗaya daga al'adar maharba a kan doki ta Japan, jinba ittai, wato doki da mahayi su zama jiki guda. Wanda ya taɓa ganin gwanin mahayi ya saki linzami a sukuwa ya ja birki a gaban sarki ba ya bukatar fassara. Suka zauna suna tace tsakuwa. Rufi ya zama na jawowa da hannu ɗaya daga kan kujera, kuma ba ya yoyo. Cok da kafireta suka tafi, kwamfuta ke auna fetur. Injin lantarki ke ɗaga fitilu, ba sa gyangyaɗi. Amma ƙarar salansa sai da aka yi ta gwaji har ta yi kama da ta da, murfin injin ma aka yi masa siffar na tsofaffi, don wanda ya buɗe bonet ya ji sanyi a ransa. Shunji Tanaka da ya kammala zanen a Hiroshima ya ƙara nasa gishirin daga fuskokin katako na wasan Noh, masu sauya yanayi gwargwadon inda haske ya faɗo.

Aka sa mata MX-5, a Amurka Miata, a kan dala 13,800, dillalai kuma suka riƙa ƙara nasu saboda rububi. A shekarar nan ta 1989 Lotus ma ta fito da sabuwar Elan, mai jan gaba, mai tsada, wadda ba ta ɗauko komai daga fuskar uwarta ba. Ba a sayar da dubu 5 ba, daga baya aka sayar wa Kia da kayan ƙirarta. Mai gado ya yar, baƙo ya tsinta. A 2000 kundin Guinness ya rubuta MX-5 a matsayin mai kujera biyu da ta fi kowace kasuwa a tarihi, a Afrilun 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya.

Aron bai tsaya ba, ya ma zama sana'a. BMW Z8 ta ɗauko fuskar 507 ta 1956, Mustang ta 2005 ta koma wa ta shekarun 1960, Nissan Z ta 2022 ta ɗauki idon 240Z. Yawancinsu fuskar kawai suka iya ɗauka, don abin da ya ba tsofaffin siffarsu ba ya aruwa yanzu. Ƙa'idojin kare masu tafiya a ƙasa sun ɗaga bonet, ginshiƙan gilashi sun yi kauri don su ɗauki mota in ta kife, ƙofofi sun cika da ƙarfe da jakar iska. Fitila mai buɗe ido ta tafi: MX-5 ta bar ta a 1998, Corvette da Lotus Esprit suka raka ta kabari a 2004. Sunan MG yau na kamfanin SAIC ne na ƙasar Sin, kuma ya dawo da buɗaɗɗiya mai kujera biyu, Cyberster, mai batir, mai gudun da MGB ba ta taɓa mafarki ba, mai nauyin da ya kusa tan 2, wato MGB biyu. Ita kuwa ta asalin ta ƙi mutuwa. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabon jikinta a yankin Oxford da ainihin kayan ƙirar da aka yi na farko da su, har mutum na iya haɗa kusan sabuwar MGB daga kundin kayan gyara.

Yanzu MX-5 ta farko ta haura shekara 30, ta girmi shekarun da Elan take da su ranar da aka yaye mayafi a Shikago. Dokin ƙofarta na tsatsa a daidai wurin da na MGB ke yi, masu saye sun koma yawo da mayen ƙarfe. A ƙarshen 2017 Mazda ta buɗe sashen farfaɗo da ita a Japan. Mai mota ya kawo tasa, a kwance ta har ƙashi, a fenta, a mayar. An sake ɗinka rufin tamfol irin na farko, Nardi ta sake yin sitiyarin katako, Bridgestone kuma ta koma ta sake yin tayar 1989 da zanen ƙasanta na wancan lokaci, don masu motar sun ce da sabuwar taya ba haka take ji a hannu ba.